MAI DAFAWA DA MAI SHA

Ya 'yan'uwa cikin Ubangiji, akwai wata tambaya da takan taso a zaman dattawan ekklesiya a ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Kadan mutum ya sha giya har gidansa ya lalace, a wuyan wa alhakin yake? Na mai sha ne kaɗai, ko har da wadda ta dafa, da wanda ya noma dawar? Domin mu ga al'amarin sarai, bari mu fara duba yadda masu irin wannan sana'a suke yi a wata ƙasa mai nisa, kana mu komo gida.

A birnin Verona na ƙasar Italiya akan ci wata babbar kasuwa sau ɗaya a shekara, galibi cikin watan Afrilu. Sunanta Vinitaly, tun 1967 aka soma ta. Hajarta ruwan inabi ne mai sa maye, wanda iyayenmu suka sani da sunan ruwan anab. Masu yinsa wajen 4,000 sukan kafa rumfuna, fatake kuwa su zo daga Amurka da Jamus da Ingila da sauran ƙasashe. Falke yakan tsaya gaban rumfa, a zuba masa kaɗan cikin kofin gilashi. Sai ya duba launi, ya sansana, ya kurɓa, ya juya a baki, sa'annan ya tofar cikin wani mazubi da aka ajiye domin wannan. Ba ya haɗiyewa, gama kadan ya haɗiye na rumfa goma, harshensa ba za ya rarrabe na goma sha ɗaya ba. Mai gonar kuwa yana tsaye yana amsa tambaya: wane irin inabi ne, a kan wane tudu ya tsiro, shekara nawa ya yi cikin ganga. Mai Barolo da mai Chianti, kowa sunansa da na ƙasarsu yana rubuce a jikin kwalba.

Ba a banza ake tsaron suna haka ba. A 1986 waɗansu masu haɗama a arewacin Italiya suka zuba metanol, wani irin guba, cikin ruwan inabi mai araha domin ya ƙara ƙarfi. Mutum wajen 20 suka mutu, waɗansu suka makance. Masu zuba gubar ba su san waɗanda za su sha ba, shi ya sa hannunsu bai yi rawa ba. Saboda haka abu ɗaya a kasuwar nan ya isa yabo, wato mai yi ya fito fili ya ce wannan nawa ne. Amma ga iyakarta: tambayarta duka ta baki ce. Ba wanda yake tambaya a gaban rumfa abin da kwalbar za ta yi sa'anda ta shiga gidan mutum. Falke ya tofar, amma na ƙarshen saye haɗiyewa za ya yi.

Yanzu mu komo gida. Da yawa cikin masu bi na wannan ƙasa daga gidajen Maguzawa suka fito, inda giya take tare da gayya da biki, kuma ita ce sana'ar mata. An san aikin: a jiƙa dawa, a bar ta ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa cikin manyan tukwane, a bar ta ta tashi. Aikin kwanaki ne, da ɗiban ruwa da neman itace. Tun 2000, sa'anda Jihar Katsina ta kafa shari'ar Musulunci, giya ta ja baya daga idon jama'a, amma tukunyar ba ta mutu ba. A nan ma mai saye yakan ɗanɗana kafin ya biya, a nan ma yana ido da ido da mai yi. Har mai burkutu ta fi mai Barolo sanin masu shan nata. Ta san wanda ya ɗebi hatsi daga rumbu ya sayar domin ya zo. Ta san wanda matarsa takan kwana da kuka. Ta san wanda aka koro ɗansa daga makaranta saboda kuɗi.

Me Littafi Mai Tsarki ya koya mana? Kada mu ƙara masa abin da bai faɗa ba. A bikin Kana ta Galili Ubangijinmu ya mai da ruwa ya zama ruwan inabi, uban biki ya ɗanɗana ya yaba (Yohanna 2). Don haka ba za mu ce itacen inabi ko dawa la'anannu ne ba. Halittar Allah ce. Amma Nuhu, wanda aka fara ambata da dasa gonar inabi, abin gonarsa ne ya kā da shi cikin kunya a gaban 'ya'yansa (Farawa 9). Annabi Habakkuk ya yi kashedi mai zafi ga wanda yake shayar da maƙwabcinsa har ya bugu (sura 2). Manzo Bulus kuma ya koya wa Romawa su bar ko abin da yake halal kadan za ya sa ɗan'uwa tuntuɓe (sura 14). Daga waɗannan duka muna ganin ma'auni guda: nauyi yana bin sani. Gwargwadon abin da mutum ya sani game da ɓarnar da aikinsa yake yi, gwargwadon hakan za a tambaye shi.

Bari mu auna kowa da wannan mudu.

Na fari, mai sha. Ba wanda ya buɗe masa baki. Ya san halinsa, ya san rumbunsa, ya san 'ya'yansa. Nasa nauyin ba ya sauka a kan kowa.

Na biyu, manomi. Waɗansu 'yan'uwa lamirinsu yana damunsu, gama tun 1988, sa'anda gwamnati ta hana shigo da sha'ir daga waje, kamfanonin giya na Nijeriya suka koma sayen dawa. Wanda ya kai buhunansa kasuwar Dandume bai san ko za su zama tuwo, ko kunu, ko abincin kaji, ko giya ba. Dawa abinci ce, amfaninta da yawa. Wannan ya sayar da salama. Amma kadan mai saye ya ce a fili ta dafa giya ce domin ƙauyen da shi manomin ya san mashayansa, sani ya shigo, sai ya tsaya ya yi shawara da zuciyarsa a gaban Allah.

Na uku, mai dafawa. Ba za ta iya cewa ba ruwanta ba, gama tana kallon fuskar mai sha sa'anda take miƙa masa ƙoƙo na huɗu. Hausawa sun ce, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kayinu ne ya fara musun cewa shi mai tsaron ɗan'uwansa ne, Allah kuwa bai karɓa masa ba. Daidai ne ekklesiya ta gargaɗe ta, ta kuma hore ta kadan ta ƙi ji.

Amma akwai na huɗu, wato ekklesiya kanta, gama ita ma ta sani. Kowa ya ji labarin ɗalibai fiye da 300 da aka kwashe daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara ran 11 ga Disamba 2020. Ba kowa ya ƙidaya gwauraye da marayun da 'yan bindiga suka bari a ƙauyukan Faskari da Sabuwa ba, ko gonakin da suka kwana ba noma saboda tsoro. Gwauruwa mai 'ya'ya biyar, ba gona, ba jari, sai tukwanen da ta gada wurin uwarta, ba marmari ne ya kai ta ga murhu ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Kadan dattawa sun san yunwarta, suka hana ta Jibin Ubangiji, suka koma gida suka ci tuwonsu, mudun nan da suka auna ta da shi za ya auna su. Yaƙub ya tsauta wa masu sallamar mayunwaci da fatan alheri kawai (sura 2). Manzanni kuwa sun sa a zaɓi mutum bakwai domin kada a manta da gwauraye wurin rabon abinci (Ayyukan Manzanni 6).

Akwai misali mai kyau a tarihi. Thomas Welch, wani mai bi a Amurka, bai yarda da abin maye a teburin Ubangiji ba. Bai tsaya ga tsawa kaɗai ba. A 1869 ya nemi dabarar dafa ruwan inabi domin kada ya tashi, ekklesiyoyi da yawa kuwa suka karɓa. Haka ya kamata a yi a wurinmu. Dawar nan da tukwanen nan za su yi kunun zaki. Hannun da ya iya tsiro ya iya daddawa, da ƙuli-ƙuli, da man gyaɗa, da awara. Bari Zumuntar Mata su sa ta cikin adashi, su ba ta ɗauka ta fari. Bari samari su yi mata gayya ba tare da giya ba. Bari masu bi su riƙa sayen abin hannunta, gama ribar kunu ba ta kai ta burkutu ba, kuma watannin farko ne masu wuya.

Ya ƙaunatattu, ranar tana zuwa da kowane mai yi za ya tsaya kusa da abin da ya yi, a tambaye shi abin da ya aikata a gidan maƙwabcinsa. Dattawa, kafin ku aika a kira wata 'yar'uwa gaban zama a kan tukunya, ku fara aika mutum biyu su duba rumbunta. Ubangiji ya ba mu hikima da jinƙai tare. Amin.