Gemun Ɗan'uwa

Jama'a, dattawanmu ba su manta da Fabrairun 2002 ba, lokacin da babbar kasuwar Taminus ta ƙone a nan Jos. Wasu ba haja kaɗai suka rasa ba, domin kuɗin ciniki da littafin bashi duk a shago suke kwana. Gari ya waye babu jari, babu shaidar wanda ake bi.

Muka ce ƙaddara ce, kuma gaskiya ne. To amma mu nawa ne har yau ke barin kuɗi a shago, ga wayar lantarki a saɓule kan kwalaye? A 2016 kasuwar Sabon Gari ta Kano ma ta ƙone, muka yi jaje, muka koma gidan jiya.

Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Sai dai mu mukan zauna a majalisa muna cewa, "Ai wane shi ya ja wa kansa." Wannan gulma ce. Mai wa'aztuwa kansa yake tuhuma, ya rufa wa ɗan'uwansa asiri, ya koma shago ya gyara.

Allah Ya sa mu hankalta kafin a hankalta da mu, amin.