Wa Zai Shaidi Tafinta?

Kowace manhaja da ke cikin wayar hannu ko kwamfuta tana da fuska biyu. Akwai rubutun da ɗan Adam ya tsara, cikin harshen da masu sana'ar ke karantawa. Akwai kuma abin da ke fitowa bayan wata manhaja mai fassara ta mai da rubutun jerin sifiri da ɗaya, harshen da na'ura kaɗai ke ji. Galibi na biyun ne ake sayarwa, shi ke shiga bankuna da asibitoci. Mai saye an miƙa masa fassara, an riƙe asali.

Wanda ya karanta labarin Wangrin na Amadu Hampate Ba, wanda ya fito a 1973, ya san ikon tafinta tsakanin kumandan da talakawa: abin da ya ga dama shi ne aka faɗa. Tafintan na'ura ma haka yake. A 1984 Ken Thompson, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Unix, ya nuna cewa ana iya koya wa manhaja mai fassara ta cusa ƙofar ɓoye cikin abin da take fassarawa, ba tare da an ga alamar komai a rubutun asali ba. A 2020 kuwa aka gano ɓarayi sun kutsa daidai wurin da kamfanin SolarWinds na Amurka ke harhaɗa manhajarsa Orion, har abokan ciniki wajen 18,000 suka karɓi guba da hatimin kamfanin a kanta.

Ke nan fassarar ce ya kamata a bincika. To, amma manhajoji sun fi ƙarfin idon mutum, shi ya sa aka ɗora wa na'ura aikin. A watan Agusta na 2016, a Las Vegas, hukumar DARPA ta haɗa na'urori bakwai gasa: kowace ta nemo rauni cikin manhajojin da aka riga aka fassara, ta toshe nata, ta kai wa na sauran hari, babu hannun mutum. Mayhem ce ta ci, da ladar dala miliyan 2. Ƙin irin wannan taimako sakaci ne, don na'ura ba ta gyangyaɗi, ba ta cin hanci.

Inda gizo ke saƙa shi ne ma'anar shirunta. Tun 1953 masanin lissafi Henry Rice ya tabbatar babu wata dabara da za ta yanke hukunci marar kuskure a kan halin kowace manhaja. Saboda haka mai binciken na iya cewa ta ga rauni, ta kuma nuna shi. Amma in ta yi shiru, ba ta rantse cewa babu ba. Sau da yawa shugaban ma'aikata kan ɗauki wannan shiru a matsayin shaida, ya sa hannu, ran da ɓarna ta auku ya ce ai na'ura ta duba. Mai rubutu ya jingina ga mai fassara, mai saye ya jingina ga mai bincike, alhaki ya rasa wuyan da zai rataya.

Akwai kuma batun maki. Ma'aunin CVSS kan ba kowane rauni maki daga 0 zuwa 10. Duk malamin da ya taɓa rubuta 12 bisa 20 a takardar ɗalibi ya san abin da lamba ke haɗiyewa. Rauni guda a manhajar wasan yara da kuma a na'urar da ke taimaka wa majinyaci numfashi makinsa na tushe ɗaya ne, alhali haɗarin ba ɗaya ba. Sanin wanda zai cutu, da ko an yarda ya cutu, hukunci ne na lamiri, lissafi ba ya yanke shi.

Ita ma mai binciken, wa ya fassara ta? David Wheeler ya kawo rabin amsa a 2005: a sa tafinta na biyu, wanda bai haɗa asali da na farko ba, a gwama sakamako. Tsohuwar ƙa'idar shaidu biyu ce, kuma ƙarfinta ya dogara ga kada shaidun su haɗa baki.

A watan Maris na 2024 aka gano ƙofar ɓoye cikin XZ Utils, ƴar manhajar matse bayanai da ke cikin kusan kowane tsarin Linux. Mai ɓarnar, da sunan aro Jia Tan, ya shafe sama da shekara biyu yana taya mai kula da ita aiki kyauta har ya sami amana. Wata manhajar bincike mai suna Valgrind ta yi ƙorafi, sai shi Jia Tan ɗin ya fito da gyaran da ya rufe mata baki. Andres Freund, injiniya a Microsoft, ba binciken tsaro yake yi ba. Ya dai lura shiga wata kwamfuta ta ƙara jinkirin rabin daƙiƙa, ya tuna da wancan ƙorafi, ya ƙi kau da kai.