Wane Tarihi Za a Ba Yaro? Haƙƙin Iyaye da Nauyin Gaskiya

Idan uba ya shiga kantin littattafai yana neman littafin lissafi domin ɗansa, zaɓin ba shi da wuya sosai. Ko wane littafi ya ɗauka, bakwai sau takwas hamsin da shida ne. Wani littafin ya fi wani sauƙin bayani, wani ya fi wani tsada, amma amsar guda ce. Idan kuwa littafin tarihi yake nema, magana ta canza, gama littattafai biyu suna iya ba da labarin yaƙi ɗaya, kowanne da nasa jarumi, da nasa mai laifi. Wannan ce matsalar da take gaban ɗimbin iyaye a ƙasar Amurka waɗanda suke koyar da 'ya'yansu a gida maimakon tura su makaranta. Su ne hedimasta, su ne hukumar ilimi, su ne kuma masu zaɓen manhaja da azuzuwan intanet. Tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu ita ce: ikon da iyaye suke da shi na zaɓar abin da za a koya wa yaro, ya haɗa da ikon zaɓar masa gaskiyar da ta yi musu daɗi?

Yadda abin ya samo asali

Karatun gida a Amurka bai samu wuri cikin sauƙi ba. A 1925 Kotun Ƙolin ƙasar ta soke wata dokar jihar Oregon wadda ta tilasta wa yara shiga makarantun gwamnati kaɗai. A 1972 kotun ta sake goyon bayan iyaye 'yan ɗariƙar Amish na jihar Wisconsin, waɗanda suka ƙi barin 'ya'yansu su wuce aji takwas. Zuwa 1993 karatun gida ya zama halal a dukan jihohi 50. Hukumar ƙididdigar ilimi ta ƙasar ta kiyasta cewa yara wajen 850,000 ne suke karatu a gida a 1999, adadin kuma ya kai kusan miliyan 1.7 a 2016. Da annobar korona ta rufe makarantu a 2020, binciken hukumar ƙidaya ya nuna gidajen da suke koyar da yara da kansu sun tashi daga kashi 5.4 cikin ɗari zuwa kashi 11.1 cikin 'yan watanni. Ba kowace ƙasa ce ta yarda da haka ba. A Jamus, alal misali, doka ta wajabta wa yaro zuwa makaranta.

Inda masu saye suka yi yawa, kasuwa takan ci. Akwai manhajojin Kirista irin na Abeka da na BJU Press, waɗanda suke ba da tarihi a matsayin aikin Allah cikin al'amuran 'yan Adam. Akwai littattafai huɗu na Susan Wise Bauer, The Story of the World, masu bin tarihin duniya bi da bi daga zamanin dā zuwa namu. Akwai masu bin hanyar malamar Ingila Charlotte Mason, wadda ta rasu a 1923, wadda ta fi son yaro ya karanta cikakkun littattafai masu rai a kan busassun taƙaitattun bayanai. A intanet kuwa akwai darussan kyauta na Khan Academy da bidiyoyin Crash Course, akwai kuma azuzuwan kuɗi inda malami yake magana da yara kai tsaye ta kwamfuta. A kan wannan duka ga rikicin siyasa: a 2019 jaridar New York Times ta fito da shirin da ta kira na 1619, shekarar da aka sauke bayi 'yan Afirka a Virginia, tana son a sa bauta a tsakiyar labarin ƙasar; a 2021 kwalejin Hillsdale ta fitar da manhajar 1776, wadda ta ɗora labarin a kan shelar 'yancin kai. Ƙasa ɗaya, ranar haihuwa biyu. Uwa da take zaune gaban kwamfuta da dare dole ta ɗauki ɗaya, ko ta san yadda za ta haɗa su.

Inda iyaye suke da gaskiya

Kada mu yi saurin ɗaukar cewa littafin da hukuma ta amince da shi shi ne mizani. A 2015 wani ɗalibi a jihar Texas ya lura cewa littafinsa na labarin ƙasa, na kamfanin McGraw-Hill, ya kira miliyoyin 'yan Afirka da aka kai bauta "ma'aikata". Mahaifiyarsa ce ta ɗaga murya, kamfanin ya amsa kuskurensa ya yi alkawarin gyara. A ƙarshen Mayu da farkon Yuni na 1921 fararen fata sun ƙone unguwar Greenwood ta baƙaƙe a birnin Tulsa, aka kashe mutane da yawa, amma shekaru masu yawa labarin bai samu shiga yawancin littattafan makaranta ba. Sai a 2001 hukumar binciken da jihar Oklahoma ta kafa ta fitar da rahotonta. Gwamnati ma tana da abin da take so a manta. Saboda haka uban da ya ce shi zai duba abin da ake zuba wa ɗansa a kai bai yi laifi ba. Tun kafin a san allo da alli, a bakin kakanni yara suke jin asalinsu.

Inda haɗarin yake

Sai dai ikon zaɓe yana zuwa da jarabarsa. Yaron da yake zuwa makaranta yana haɗuwa da malamai goma, da abokai daga gidaje dabam-dabam. Idan wani ya faɗa masa ƙarya, akwai damar wani ya warware ta. Yaron da yake karatu a gida ƙofa ɗaya yake da ita zuwa ga abin da ya wuce, makullinta kuma yana hannun iyayensa. Idan suka zaɓi manhajar da ta wanke kakanninsu tas, ta ɗora dukan laifi a kan wasu, babu wanda zai tsaya ya ce a'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan karin magana kuwa kaifi biyu gare ta: yadda ake tanƙwara shi zuwa ga daidai, haka ake iya tanƙwara shi zuwa ga karkata.

Wani zai ce, "Ai babu tarihin da ba shi da ɓangare. Tun da kowane marubuci yana da inda ya tsaya, me zai hana ni zaɓar wanda ya tsaya inda nake?" Rabin wannan magana gaskiya ne. Babu littafin da zai ɗauke dukan abin da ya faru; dole a zaɓa, zaɓe kuwa yana bin abin da mutum ya ɗauka da muhimmanci. Amma akwai bambanci tsakanin mahanga da ƙarya. Mutum biyu da suke duban dutse ɗaya daga gabas da yamma za su kwatanta shi dabam, dukansu kuma suna da gaskiya. Wanda ya ce babu dutsen, shi kam ya fita daga zancen mahanga. Iyaye suna da iko su koya wa yaro ma'anar da suke gani cikin abin da ya faru. Ba su da iko su canza abin da ya faru, domin ba nasu ba ne. Na waɗanda suka rayu cikinsa ne, suka sha wuya, suka mutu, ba su kuma da bakin kāre kansu yau.

Wani kuma zai ce, "Yarona shekararsa bakwai. In ba shi labarin jiragen bayi da kisan kiyashi?" Nan ma akwai hikima. Ba a ba jariri tuwo. Amma jinkirta labari dabam yake da binne shi. Uwar da ta ce wa ɗanta an yi wani mugun abu a wancan zamani, za su yi maganarsa filla-filla idan ya ƙara girma, ta bar ƙofa a buɗe. Wadda ta ce masa bayi suna jin daɗin zamansu, ta gina katangar da wata rana za ta rushe a kansa. Ranar da ya gano gaskiya a jami'a ko a wayarsa, abin da zai yi asara ya wuce darasin tarihi: zai fara shakkar duk abin da aka taɓa koya masa a wannan gida, har da abin da yake gaskiya.

Tun da yawancin manhajojin nan da sunan bangaskiya ake sayar da su, ya dace masu bi su tuna yadda Littafi Mai Tsarki kansa yake ba da tarihi. Bai ɓoye abin da Dawuda ya yi wa Uriya ba, ko da yake Dawuda shi ne babban sarkin al'ummar da ta adana littafin. Bai share musun da Bitrus ya yi ba. Luka kuma ya fara rubutunsa da bayanin cewa ya bi diddigin al'amura a hankali daga shaidun gani da ido. Manhajar da ta fi Nassi tsoron faɗar laifin jarumanta, da wuya a ce daga Nassi ta koyi aikinta.

Ma'aunin zaɓe

To, da me za a auna? Na farko, a duba yadda manhaja take bi da laifin nata ɓangaren. A buɗe babin da ya fi ba marubucin kunya, a ga ko ya yi magana a fili ko ya wuce da sauri. Na biyu, a duba yadda take kwatanta waɗanda ba ta yarda da su ba: da za su karanta, za su gane kansu a ciki? Na uku, a ga ko tana kai yaro ga muryoyin mutanen zamanin. Labarin rayuwar Olaudah Equiano na 1789 da na Frederick Douglass na 1845, waɗanda dukansu suka ɗanɗana bauta, sun fi shafi ɗari na sharhi. Na huɗu, a tambaya wane ne ba ya cikin littafin. Idan tarihin duniya ne amma Afirka ba ta bayyana sai ranar da jirgin Turawa ya iso, an riga an koya wa yaro wani abu ba tare da an furta shi ba.

Game da azuzuwan intanet akwai ƙarin abu guda. Bidiyo ba ya amsa tambaya, ba ya kuma ganin fuskar yaron da labari ya girgiza. Aji mai malami kai tsaye ya fi, idan malamin yana barin yara su yi masa gardama da hujja. Ko da wanne aka zaɓa, biyan kuɗin darasi bai sauke nauyi daga wuyan iyaye ba. Wanda ya ɗauki aikin makaranta ya ɗauki aikin sauraro, da tambaya, da karanta littafin kafin a miƙa wa yaro.

Abin da ya shafe mu

Karatun gida bai yaɗu a Nijeriya kamar a Amurka ba, amma tambayar ta same mu ta wata hanya. Daga zangon karatu na 2009/2010 aka daina koyar da tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare, sai a 2022 gwamnati ta ƙaddamar da shirin maido da shi. Yaran da suka tashi a tsakanin nan, a gida da kan titi da waya suka ji labarin juyin mulkin 1966, da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da rikice-rikicen garuruwanmu. Wato kowane gida ya zama makarantar tarihi, ko ya sani ko bai sani ba. Me muka faɗa musu? Mun ƙidaya gawawwakin namu kaɗai, ko mun ambaci na maƙwabta?

Kayan aiki kuwa ba su yi mana ƙaranci ba. A 1963 masanin Oxford Hugh Trevor-Roper ya yi iƙirarin cewa Afirka ba ta da wani tarihi in ba na Turawan da suka shigo ta ba, alhali tun 1956 Kenneth Dike ya wallafa bincikensa a kan ciniki da siyasa a yankin Neja Delta. Gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, yana ajiye da sassaƙen yumɓu na Nok masu shekaru fiye da dubu biyu. Kundin tarihin Afirka na UNESCO yana nan a intanet kyauta. Iyalin da suka sayi manhaja daga waje, a nan gida ko a ƙetare, su tabbata yaron da ya san George Washington ya san waɗannan ma.

Yaro amana ne a hannun iyaye na ɗan lokaci. Wata rana zai fita ya zauna da mutanen da aka ba su wani labari dabam. Idan an koya masa ya ƙaunaci mutanensa yana sane da laifofinsu, ya kuma nemi hujja kafin ya yanke hukunci, zai iya zama da kowa ba tare da tsoro ko ƙiyayya ba. Allah ya ba iyaye ƙarfin halin faɗa wa 'ya'yansu gaskiya, mai daɗi da mai ɗaci, kowace a lokacinta.