Waɗanda Suka Guje Wa Zalunci, Suka Kafa Nasu

A ranar 1 ga Yuni, 1660, hukumomin Boston suka rataye wata mata mai suna Mary Dyer. Laifinta shi ne bin ɗariƙar Kweka da komawa garin bayan an kore ta.

Masu yanke hukuncin kuwa 'yan Furitan ne, mutanen da suka baro Ingila a 1630 ƙarƙashin John Winthrop saboda Cocin Ingila ya matsa musu lamba. Da mulkin Massachusetts, inda Boston yake, ya zo hannunsu, sai suka ɗaure addini da sarauta wuri guda. Daga 1631, ɗan cocinsu kaɗai ke jefa ƙuri'a. A 1647 suka haramta wa limaman Katolika 'yan Jesuit shigowa. A 1658 suka sa hukuncin kisa kan Kwekan da ya dawo bayan kora, har aka rataye mutum huɗu.

Me ya kai su? Sun yi imani al'ummarsu ta ƙulla alkawari da Ubangiji, don haka ɓatan mutum ɗaya zai jawo fushi kan kowa. Su kuwa Kweka suna cewa hasken Allah yana zuciyar kowane mutum, ba sai da limami ba.

Roger Williams, wanda 'yan Furitan suka kora, ya fi su hangen nesa. Ya kafa Providence a 1636 bisa koyarwar cewa ibadar dole ba ta da daraja a wurin Allah. A 1663 takardar mulkin Rhode Island, inda Providence yake, ta tabbatar wa mazauna yankin 'yancin addini.