FIƊIRA: SHAIDAR DA KE CIKIN ƘIRJINKA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, ka sani harsunan duniya sun kai wajen 7,000, a Nijeriya kaɗai sun haura 500. Allah Ya lissafa wannan saɓani cikin ayoyinSa a Suratur Rum, aya ta 22, kuma a aya ta 30 Ya ambaci fiɗirar da Ya halicci mutane a kanta.

To, duba ka gani. Ɗauki jaririn Bahaushe ka kai shi gidan Bayarabe a Ibadan, Yarbanci zai tashi da shi, ba allo ba bulala. Harshen dai na gidan ne, amma baiwar koyonsa da ita aka haife shi. Haka sanin kyau da muni yake. Mu ce gaskiya, Bafulatani ya ce goonga, Bayarabe ya ce otito, Ibo ya ce eziokwu, kuma kowannensu yana jin zafi in aka kira shi maƙaryaci.

Ka tuna Abu Sufyan gaban Hiraƙal sarkin Rum, bayan sulhun Hudaibiyya. A lokacin mushiriki ne, maƙiyin Annabi (SAW). Aka tambaye shi halin Annabi, ya faɗi gaskiya don kunyar kada abokan tafiyarsa su riƙa ba da labari cewa ya yi ƙarya. Buhari ya ruwaito wannan. Wane malami ya karantar da shi? Fiɗira ce.

Saboda haka, kai da ke tauye mudu a kasuwa kana cewa zamani ne, me ya sa kake ɓoye hannunka? Kai da ke cutar baƙo don ba ya jin Hausa, in aka yi maka haka a garinsu za ka yarda? Ɓarawo ma in aka yi masa sata ihu yake yi.

Amma fiɗira takan yi tsatsa da son zuciya da miyagun abokai, shi ya sa aka aiko Manzanni su wanke ta. Ka nemi ilimi, ka gyara mudunka yau, ka mayar wa baƙon nan haƙƙinsa tun kafin ranar da harshenka zai ba da shaida a kanka.

Allah Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.