Ruwa Na Allah Ne: Me Ɗan Ga-ruwa Yake Sayarwa?

A dandalin Jami'ul Fana na birnin Marrakesh a ƙasar Maroko, har yau akwai mutanen da ake kira "garrab". Suna sanye da jajayen tufafi da faffaɗan malafa, rataye da salka da kofunan tagulla, suna kaɗa ƙararrawa domin mai ƙishirwa ya ji su. Yawancinsu yanzu da kuɗin ɗaukar hoto na baƙi suke rayuwa, domin ruwan kwalba ya rage musu ciniki.

A nan wajenmu kuwa sana'ar tana nan da ranta. A Birnin Ƙonni, ɗan ga-ruwa ne ke tura jarkoki zuwa gidajen da famfo bai isa ba, a ƙauyukan Bazaga kuma jaki da amalanke ke wannan ɗawainiya. Tambaya ita ce: shin ya dace a karɓi kuɗi a kan abin da Allah Ya saukar kyauta?

Ya tabbata a hadisi cewa jama'a sun yi tarayya cikin ruwa da makiyaya da wuta, kuma an hana sayar da rarar ruwa. Amma malamai sun bambanta ruwan da ke kwance a tafki ko kogi, da wanda mutum ya ɗebo ya zuba a mazubinsa. Na biyun ya zama mallakarsa, kamar itacen da aka saro daga daji. Ashe abin da ɗan ga-ruwa ke sayarwa guminsa ne, da tafiyarsa cikin rana.

Saboda haka haƙƙi ya hau kan kowane ɓangare. Mai saye kada ya yi ta jayayya a kan dala guda, ko ya bar shi yana zarya wajen karɓar bashi. Mai sayarwa kuma kada ya mai da tsananin bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da rijiyoyi ke ja da baya, damar tsauwala farashi. Kada kuma ya hana moɗa guda ga wanda ƙishirwa ta galabaitar, ko da babu ko sisi a hannunsa.

Mawadata fa? Sayyidina Usman ɗan Affan, Allah Ya yarda da shi, ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya mai da ita waƙafi ga jama'a. Wanda Allah Ya hore wa a garuruwanmu, ga hanya nan a buɗe.

Allah Ya shayar da mu daga tafkin Alkausara, amin.