Na Wa Ne Inuwar Itace?

Ya ɗan'uwa mai-neman hanya, ga wata tambaya. Wani mutum ya gāji gida a cikin birnin Kano, a ƙofar gidan kuwa akwai tsohuwar tsamiya. Yana so ya sare ta domin ya gina shago. Ya ce, "Filina ne, itacena ne, ina ruwan wani?" Ko yana da gaskiya?

Tun dā ba a bar itace ga nufin mai shi kaɗai ba. A zamanin Barbushe mutanen Dala ba su taɓa itacen Tsumburbura, gama suna tsoron tsafi. A Damagaram an ce Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya sa hukunci mai-tsanani bisa wanda ya sare gawo. A 2025 kuma gwamnatin Jihar Kano ta hana sare itace da injin zarto sai da izini.

Amma tsoro ba ya tsaron itace har abada. Wanda ya bar tsafi ba ya ƙara jin tsoron iskoki, malamin daji kuwa ba ya kwana a kowace ƙofa. Dubi abin da ya faru a ƙasar Nijar. Sa'anda doka ta mai da itatuwa na gwamnati, manomi ya kan tuge tsiro tun yana ƙarami, kada ya jawo masa tara. Daga 1983, Tony Rinaudo da manoman Maraɗi suka soma renon tohon kututture a gonaki. Da manoma suka sakankance amfanin zai zama nasu da na 'ya'yansu, sai itatuwa wajen miliyan 200 suka tashi. Ashe abin da mutum ya ɗauka amana, shi ya ke kiyayewa.

To, mu koma ga tsamiyar nan. Ba mai gidan ya dasa ta ba. A zafin bazara tsofaffi suna hutawa a gindinta, mata suna dama kunu da 'ya'yanta. Fili nasa ne lalle, amma inuwar ta zama haƙƙin maƙwabta, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna. A cikin Kubawar Shari'a, sura 20, an hana mayaƙa sare itace mai-'ya'ya ko a ƙasar abokan gāba. Balle fa a ƙofar maƙwabcinka, lokacin salama.

Ba mu rena bukatar mutumin nan ba, gama yana da iyali. Idan saiwa tana tsaga bango, ko reshe yana shirin faɗuwa bisa yara, sai ya shawarci mai unguwa, ya nemi izinin hukuma a fili, ba da dare ba, ba da toshiyar baki ba. Ya fara da sassabe reshe. In kuwa sarewa ta zama tilas, ya dasa biyu, ya yi ta ba su ruwa har su kama.

Kai ma, ɗan'uwa, ka sha inuwar da wani ya bari. Kafin ka ɗauki gatari, ka tambayi zuciyarka abin da za ka bar wa na baya.